Kuskuren da ke littafin mutumin da ya ɗaura mini aure

Apa Dilara, yayata, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na fara rubuta miki, ukun farko duk na yayyage su. Sunayen da za ki gani a ciki na canza su, don garinmu ƙarami ne, kuma masu karanta shafinki a sashenmu sun fi masu karanta littafi yawa.

Ni malama ce a wata jami'a a nan arewacin ƙasarmu, bakin kogin Padma. Shekarata takwas ina koyar da 'yan aji biyu darasin farko na rumbun bayanai, wato yadda ake jera bayanai a kwamfuta layi-layi don a same su ba tare da sun cakuɗe ba. Kada ki tsorata, ba lacca zan yi miki ba. Abu ɗaya kawai nake so ki riƙe. Kowane layi a rumbun yana bukatar abin da zai bambanta shi da sauran, mu muna kiransa mabuɗi. In mabuɗin ya yi daidai, kwamfuta ta san wane ne wane. In bai yi ba, sai ta haɗa mutum biyu ta mai da su ɗaya, kuma ba za ta ce miki uffan ba.

Littafin da muke koyarwa da shi ɗan siriri ne mai koren bango. Farfesa Sekandar Pramanik ya rubuta shi shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma duk wanda ya taɓa zama a sashenmu da shi ya tashi, har da ni. A shafi na arba'in da bakwai Malam ya rubuta cewa in ana tsara rajistar mutane, sunan mutum da sunan mahaifinsa da sunan ƙauyensu sun isa mabuɗi, domin wai ba za a sami mutum biyu da suka haɗa ukun nan ba. Apa, ke ma kin san ƙasar nan. Akwai ƙauyen da in kika tsaya bakin kududdufi kika ƙwala kiran Mondol, rabin mazan garin za su waiwayo, sauran rabin kuma don suna gona ne. Gyaran ba shi da wahala, kowa a ba shi lambarsa shi kaɗai, shi ke nan.

Tun shekarata ta farko a koyarwa na gane shafin ba daidai ba ne. Amma a sashenmu babban malami ke fitar da tambayoyin jarrabawa da takardar amsa, mu ƙanana namu bin takardar mu ba da maki. Tambayar shafin nan kuwa duk shekara sai ta fito, maki goma cur, har ɗalibai suna kiranta kyautar sallar Malam. In na zo wurin a aji sai in karanta shi da sauri, in ce ƙasa-ƙasa wasu kan ƙara lamba, in goge allo in wuce. Shekara takwas ina wannan ƙunƙunin. Na san za ki ce me ya hana ni faɗa masa. Bari ki ji ko wane ne shi a wurina.

Mahaifina ya rasu ina aji biyu a jami'ar nan. Malam ne ya zo har gidanmu a cikin ruwan sama, ya zauna a barandar mahaifiyata ya hana a cire ni daga makaranta. Da na gama, shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki. Ranar ɗaurin aurena shi ne wakilina. Ya shigo ɗakin mata da shaidu biyu ya tambaye ni ko na yarda, kuka ya hana ni magana. Wata gwaggona ta ce masa, "Haba Malam, ai shirunta yarda ne. Ku je ku ɗaura, shinkafar biryanin mutane na hucewa." Ya gyara zama a tabarma ya ce, "Ya huce. Ba zan fita in ce na ji abin da ban ji ba." Ya kusa rabin awa a zaune sai da na buɗe baki na faɗa sau uku, sannan ya tashi. Tun daga ranar, a makaranta Malam nake ce masa, a gida Abba. Duk salla ni da mijina gidansa muke fara zuwa, in durƙusa in taɓa ƙafarsa.

Kuma kada ki ɗauka mutum ne mai sauƙi. Wani abokin aikinmu ya taɓa gyara masa magana a taron malamai, a kan abin da bai kai wannan ba. Yau shekara shida Malam bai sake kiran sunansa ba. In sun haɗu a matattakala, kai kawai yake ɗaga masa.

To ga abin da ya faru. A zangon da ya wuce wata ɗalibata, Shiuli, ita da abokanta suka yi aikin ƙarshen zango, suka gina wa ƙungiyar ɗalibai masu ba da jini rumbun rajista. Suna da mutum sama da dubu a ciki, ɗalibai da mutanen ƙauyukan kewaye. Da shafin Malam suka yi mabuɗin. Ni na duba aikin, na ga mabuɗin da idona, na sa hannu na ba su maki mai kyau. Na ce wa kaina ai aikin aji ne, wa zai yi amfani da shi? Ashe ƙungiyar ta ɗauka tana aiki da shi.

Watan jiya aka kai wata mata asibitin gunduma tana naƙuda, jini ya ɓalle mata, kuma jininta irin rukunin O ɗin nan ne mai wuyar samu. Aka kira ƙungiyar, Shiuli ta duba rumbun, ya ba ta Mizanur Mondol ɗan Abdus Sobhan, mutumin Kusumdanga. Ta kira lambar. Bawan Allah ya bar aikin shinkafarsa ya shiga bas, awa biyu yana hanya. Da aka gwada jininsa sai ga rukunin B. Ashe Mizanur biyu ne a ƙauyen, uban kowanne Abdus Sobhan. Ranar da na biyun ya yi rajista, kwamfuta ta ɗauka na farkon ne ya canza lambar waya, sai ta bar jinin wancan ta ɗora wayar wannan. Mai jinin da ake nema kuwa yana nan cikin gari a shagon ɗinki, tafiyar minti goma zuwa asibitin. Sai bayan awa huɗu aka samo wani mai irin jinin. Matar ta rayu, jaririn ma ya rayu, alhamdu lillahi, amma kwananta tara a kwance.

Shiuli ta same ni a ofis da koren littafin a hannu. Ta ce, "Malama, shafin nan ba daidai ba ne, ko?" Na ce haka ne. Ta ce, "Kin sani tun da?" Na kama jera takardun da ke kan teburina. Sai ta ce, "To ni dai wallahi gaskiya zan rubuta a jarrabawa. Ki ba ni sifiri da hannunki." Yarinyar nan ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma kin san a wurinmu na ɗaya ake ɗauka malami. Maki goma sun isa su sauko da ita. Yanzu ita da abokanta suna bin mutanen rajistar da waya ɗaya bayan ɗaya don su ga mutum nawa aka haɗe. Ni ko leƙa su ban yi ba, don ina tsoron labari ya kai sama a ce na goyi bayan masu cewa littafin Malam ba daidai ba ne. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka ne.

Na gwada, Apa, kada ki ce ban gwada ba. Juma'ar da ta wuce bayan masallaci na je gidansa, na shirya maganata tun a cikin keken haya na rikisha. Na tarar yana yanka mangwaro. Ya ce, "Zauna, 'yata, kin rame, wannan mijin naki ba ya ba ki abinci ne?" Ya cika mini faranti. Kafin in buɗe baki ya shiga ɗaki ya fito da sabon bugun littafin da za a kai maɗaba'a, don ƙarshen zangon nan zai yi ritaya. Ya buɗe shafin farko ya miƙo mini. Sunana ne a wurin sadaukarwa. Ya ce, "'Ya'yana biyu suna can Kanada, ko bangon ba su taɓa buɗewa ba. Ke za ki riƙe shi bayana." Na duba shafi na arba'in da bakwai, yana nan yadda yake, ko waƙafi bai motsa ba. Na ci mangwaron nan tas, na yi godiya, na dawo gida na shiga banɗaki na yi kuka.

Mijina ya ce in yi haƙuri wata uku, Malam ya yi ritaya, sai in gyara abina a hankali ba wanda ya ji. Ya ce tsoho ne, ga hawan jini, in bar shi ya sauka da mutuncinsa. Wani lokaci sai in ga gaskiyarsa. Amma jarrabawa saura mako uku, tambayar na nan tafe, kuma takardar Shiuli hannuna za ta zo. In na bi takardar amsa na zalunce ta. In na saɓa, Malam ne ke duba makin ƙarshe, zai gani, zai kuma ji na yi masa a bayan ido. Ga shi ni aka ba jawabin ranar bankwanarsa, ana so in yabi littafin a gaban jama'a.

Na riga na rasa uba ɗaya. Ba zan iya haɗuwa da wannan a matattakala yana ɗaga mini kai ba. Kuma ba zan iya ci gaba da shiga aji ina goge allo da sauri ba. Ban san inda zan sa kaina ba. Ki faɗa mini abin da zan yi, ko me kika ce zan ji.

Ƙanwarki da bakinta ya mutu, daga bakin Padma

*

'Yar'uwata,

Share hawayenki ki zauna, aiki ne a gabanmu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da inda ba ki tambaye ni ba.

Gobe da safe ki je wurin yaran nan da ke bin mutum dubu da waya. Ki ja kujera ki zauna tare da su, ki ba kowane mai ba da jini lambarsa, a sake tabbatar da jinin kowa. Wannan ba ya bukatar izinin Malam ko na kowa, kuma ba ya jiran mako uku. Wata mai naƙudar tana nan tafe, ba ta san da shafi na arba'in da bakwai ba. Kafin ki zauna kuma, ki ja Shiuli gefe ki ba ta amsar tambayar da ta yi miki. Ki ce mata kin sani, kin yi shiru, kin yi kuskure. Ba za ki ragu a idonta ba. A yanzu ne kike raguwa, duk ranar da ta wuce ofishinki ba ki kira ta ba.

Sai Malam. Ban yarda a mai da shi mai laifin labarin nan ba. Lokacin da ya rubuta littafinsa ba kowa ke da katin shaida ba. Ofishin filaye, kotu, makaranta, duk da suna da sunan uba da ƙauye ake gane mutum. Abin da ya gani ana yi ya rubuta, ya kuma raini sashe guda da wannan ɗan littafin. Shafi ɗaya ne ya gaza a ciki. Laifinsa shi ne ya sa mutane suna tsoron gyara masa. Laifinku ku kuma, kun bar tsoron ya zauna har ya zama al'ada. Shi bai san da Mizanur biyu ba. Ke kin sani.

Maganar mijinki akwai tausayi a ciki, ban raina ta ba. Amma ki duba abin da take nufi. A bar tsohon ya buga littafin da sunanki a gaba da kuskuren a ciki, a yi masa tafi, in ya juya baya a gyara. Kina ganin ba zai ji ba? A sashen da kika ce masu karanta shafina sun fi masu karanta littafi yawa? Zai ji, kuma a bakin wani zai ji, ranar da ba shi da sauran ikon gyara komai. Ranar ce zai tambayi kansa shekara nawa kika yi kina taɓa ƙafarsa kina sane. Ni a ganina wannan ya fi ciwo nesa ba kusa ba.

Don haka ki koma gidansa a makon nan, kafin littafin ya tafi maɗaba'a, kafin kuma a rufe tambayoyin jarrabawa. Gida, ba ofis ba. Ke kaɗai, ba da mijinki ba, ba kuma ta bakin matarsa ba. Abokin aikinku a gaban mutane ya yi nasa gyaran, kada ki manta da wannan bambancin. In ya ɗauko mangwaro ki ce, Abba, a ajiye tukuna, magana ce ta kawo ni. Ki fara da naki laifin, don shi ne gaskiyar yadda abin ya faru: kin ga mabuɗin, kin sa hannu, mace ta kusa rasa ranta. Ki rubuta masa sunayen Mizanur biyun nan a takarda, da uba da ƙauye da jinin kowanne, ki ajiye a gabansa. Malamin rumbun bayanai ne, ba sai kin yi masa dogon bayani ba. Amma kada ki yi masa dabarar nan ta yin kamar tambaya kike ba ki san amsa ba. Shi ya koyar da ke, zai gane, kuma zai ji kin mai da shi yaro. Ki faɗa a fili, da ladabi, cewa shafin yana bukatar gyara, kuma kina so gyaran ya fito daga hannunsa da sunansa.

Ba zan yi miki alkawarin zai ji daɗi ba. Mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa ya yi kwanaki bai neme ki ba. In haka ta faru, kada ki ɗauke ƙafa. Ki ci gaba da zuwa gaisuwa kamar yadda kika saba, ko da kai kawai zai ɗaga miki. In ya yarda ya gyara, kin sami abin faɗa ranar bankwana wanda ya fi duk wani yabo: malamin da ya gyara littafinsa da hannunsa a shekararsa ta ƙarshe. In ya ƙi, ki gaya masa a wannan zaman, ba daga baya ba, cewa ba za ki iya ba amsar gaskiya sifiri ba, kuma za ki rubuta wa kwamitin jarrabawa a duba tambayar. Ya ji daga bakinki tukuna. Duk yadda ta kaya, makin Shiuli ba naki ba ne da za ki biya wa kowa alheri da shi. Maganar hawan jini kuwa, ki zaɓi lokacin da ya huta, ki yi magana a hankali. Dalili ne na tausasa murya, ba na rufe baki ba.

Abu na ƙarshe, kuma ke kika ba ni shi da hannunki. Kin ce ranar aurenki mata sun ce masa shirunki ya isa, ya ƙi. Ya bar abincin mutane ya huce, ya zauna a tabarma rabin awa, don ba zai fita ya shaida abin da bai ji ba. Wannan ne mutumin da kika yi shekara takwas kina ba shi shiru, yana ɗauka yarda ce. Yanzu ga shi zai fita ya sa sunanki a littafin, ya shaida wa duniya kin yarda da duk abin da ke ciki. Kada ki bari ya shaida abin da ba ki faɗa ba. Ya taɓa jiran muryarki sau ɗaya, ki je ki ba shi ita.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya tasa, Ya ƙara wa mai jegon nan lafiya, Ya raya abin da ta haifa.

Apa Dilara